Ladanin da Muryarsa ta Cika Masa Kunne

Shagon ɗinkina yana jikin masallacin unguwarmu a Azare, don haka na san Malam Hammadu ladan ciki da waje. Mutum ne mai ji da muryarsa. In ya ja kiran la'asar, har masu sauke gero daga Gamawa sai sun rage hayaniya, kuma ya san da haka.

Bara taifot ya kwantar da shi, ya tashi a rame. Da ya koma bakin lasifika, sai ya ji muryarsa tana rugugi cikin kunnen dama, kamar ya zura kai a randa. Har numfashinsa yake ji. Amma da zarar ya kai goshi ƙasa a sujada, sai abin ya ɗauke.

Shi kaɗai ya yanke wa kansa hukunci: Allah ne ke nuna masa alfaharinsa, shi ya sa ba ya samun sauƙi sai ya ƙasƙantar da kai. Ya miƙa ladancin ga Najmuddeen, wani malamin firamare. A lokacin, matarsa Dijatu kaɗai ya gaya wa dalili, ita kuwa ta tasa shi gaba sai asibiti.

Likitar kunne ta haska fitila, ta ce ya ja numfashi. Ta ga dodon kunnen yana motsi tare da numfashin.

"Baba, akwai 'yar hanya daga bayan hanci zuwa kunne," in ji ta. "A rufe take zama, sai an haɗiyi yawu. Ramar da kuka yi ce ta bar ta a buɗe. In kun sunkuya, jini ya taru a wurin, sai ta rufe."

"To ba gargaɗi ba ne?"

"Wannan ban sani ba, Baba. Abin da na gani na faɗa."

Ta ce ya yawaita shan ruwa, ya riƙa ɗiga ruwan gishiri na asibiti a hanci, ya mai da jikinsa. Dijatu ta tsare shi da fura da nono har kumatu suka dawo, rugugin ya tafi.

Na ce wa Malam Hammadu ya je ya karɓi lasifikarsa. Ya ce da bakinsa ya ce ya bari, kuma Najmuddeen bai yi laifin komai ba.

Yanzu yana riga kowa zuwa sahun farko. In Najmuddeen ya fara kira, nakan hango leɓen Malam Hammadu yana bin sa a hankali, ba sauti. Tausayinsa nake ji, har na daina leƙawa.