Jarkar da Na Sa Aka Wanke Sau Bakwai

A ƙauyenmu ni ake kawo wa takardar magani in karanta, don na gama firamare. Ban taɓa son aikin ba, kullum ina tsoron kuskure.

Wata damina ƙanena ya sayo maganin feshin ciyawa a kasuwar Tsanyawa, cikin wata shuɗiyar jarka mai kauri, murfinta ba ya yoyo. Da maganin ya ƙare ya kawo min ita.

"Yaya, duba min. In riƙa zuba ruwan sha a ciki in za ni gona?"

Na juya ta gaba da baya. Rubutun ba boko ba ne, ba ajami ba, wasu ƙananan zane ne kamar sawun kaji, daga wata ƙasa mai nisa. Kunya ta hana ni cewa ban iya ba. Na ce ya wanke ta sau bakwai, kamar kwanon da kare ya lasa. Na tsaya a kansa ina ƙirgawa, har na sa ya ƙara ɗaya don na yi kokwanto a na biyar.

"Kai da waswasi, Yaya! Ko alwalarka ba ta kai haka ba," ya ce yana dariya.

Damina uku ya yi yana shan ruwa a cikinta. Daga nan ƙafafunsa suka kumbura, fitsari ya ragu. A asibitin birni aka ce ƙoda ce. Likitan mutumin kirki ne, ya ce mu dawo bayan wata guda. Na so in tambaye shi ko jarkar ce, amma na bari sai mun dawo.

Da muka koma wata nas ta ce, "Ai Baba, likita ya tafi aiki ƙasar waje. Ba a kawo wani ba tukuna."

Ƙanena bai ga kakar bana ba. Malamin unguwarmu ya ce kwana ne ya ƙare, kuma na yarda. Amma wanda zai gaya min ko bakina ne sanadi yana can yana duba wasu mutane.

Jarkar tana ƙarƙashin gadona. In na yar, wani zai tsinta ya zuba ruwa. In na ƙona, hayaƙin zai shiga gidaje. In na binne, rijiyarmu tana kusa. Ranar kasuwar da ta wuce na ga irinta jere a rumfa, wata mata tana tayawa za ta zuba man gyaɗa. Na tsaya, na buɗe baki, ban san abin da zan ce an rubuta a jiki ba.