Tiyon da Ya Dawo Mini da Numfashi

Bayan na tashi daga ciwon huhu, numfashina ya gajarce. Ni da nake jan iyalina sallar magariba a falonmu na Dutse Alhaji shekara da shekaru, sai ga ayar ƙarshe ta Fatiha ta gagare ni, sai na yanka ta gida uku ina haki. Wallahi abin ya ci mini rai. Har na fara tunanin miƙa wa babban ɗana limanci, ni in koma sahu.

Likita ya ce in riƙa hura balan-balan don huhuna ya yi ƙarfi. Ni da furfurata, mataimakin darakta guda a ma'aikata! Na ce Allah ya kiyaye.

Maƙwabcina, wani mutumin Filato mai koyar da kiɗa a firamare, ya ji labari. Ranar Asabar da hantsi sai ga shi da wata shuɗiyar aba mai maɓallai farare da baƙaƙe, da siririn tiyo a gefe. Ya ce sunanta melodika: ka hura ta tiyon, ka danna maɓalli, sai ta yi sauti.

"Haba Ticha, abin wasan yara ka kawo mini?"

"Alhaji, ka dai hura."

Na cika kumatu, na hura kamar mai hura gawayi. Ta kwarara wata uwar ƙara har kajin tsakar gida suka watse, ni kuwa tari ya turnuƙe ni. Ticha ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ya ce, "Ai ka zubar da iskar duka lokaci ɗaya, oga. Yadda ake hura wa jariri koko za ka yi. Daga ciki take tasowa, ba daga kumatu ba."

Maɓalli ɗaya tak ya yarje mini na mako guda. A kwana na huɗu, bayan la'asar, na dafa cikina na saki iskar a hankali. Sautin ya fito siriri, ya miƙe, ya yi ta tafiya. In numfashina ya yi rawa shi ma ya yi rawa, in ya tsaya cik shi ma ya tsaya. Subhanallahi! Shekara hamsin da bakwai ina numfashi, ban taɓa jin muryarsa ba sai ranar. Na daɗe zaune da tiyon a hannu.

Daga nan na koyi maɓallai biyar, hawa da sauka, yatsuna na ta tuntuɓe. Matata ta ce ashe makaɗi ta aura ba a gaya mata ba.

Wata Alhamis na ja magariba. Da na iso ayar nan, sai na ji cikina ya cika da iska da kansa, na sake ta a hankali kamar yadda nake wa tiyon. Ta tafi har ƙarshe ba yankewa, da sauran iska a ƙirjina.

Yaran ma sun manta da amsawa. Can daga sahun baya na ji matata ta ce amin.