Sauya hannu da sunan Yaya Sale

Da wannan daminar shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar yayana, Sale direba, a hanyar da ta ratsa dajin Birnin Gwari. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, don duk lokacin da na ɗauki alƙalami fushi ke riga hawaye zuwa. Mutuwa dai tana kan kowa. Abin da ya hana mu sakat shi ne sunan da aka bar masa, wai shi ne ya bar hannunsa ya faɗa wa motar mutane.

Yaran yanzu ba su san abin da ake nufi da sauya hannu ba. Da can hagu kowace mota take bi. Sai gwamnati ta sa rana ta ce a koma dama, rediyo ta yi ta shela har muka gaji da ji. A birni akwai alluna da 'yan sanda masu nuna hanya, amma a dajinmu daga kai sai Allahnka. Kwaltar kuwa siririya ce, mota ɗaya take ɗauka. Kowace babbar mota tsakiya take bi, in an haɗu kowa ya sauke tayoyinsa a gefensa, a wuce. Shekara da shekaru gefen nan hagu ne. Hannu ya riga ya saba, ba ya jiran kai ya ba shi umurni.

Ba wanda ya ji tsoron wannan sauyi kamar Yaya Sale. Mota mai bodin katako yake tuƙawa, ya kai auduga kudu ya dawo da goro. Mutum ne da ba ya tashi sai ya zagaya motarsa yana bubbuga tayoyi da ƙarfe, ya taka birki ya sake takawa, fasinja na ta tsaki. A tasha har "Hawainiya" suke ce masa, shi kuwa ya yi dariya ya ɓare goronsa. Tun kafin ranar sauyin ya fara horar da kansa. Ko masallaci za shi, gefen dama yake bi. Ya taɓa tura kekena daga kasuwa har gida ta dama, masu kekuna suna ta kauce masa suna zagi, ni ina binsa a baya kunya kamar in nutse. Mun yi ta yi masa tsiya, Inna, mahaifiyarmu, ita ce kan gaba.

Watanni kaɗan bayan sauyin, ciyawa ta yi tsawo ta rufe kwanonin hanya, ya haɗu da wata mota a wata kwana kusa da rafi. Da mutane suka isa, motocin biyu suna cakuɗe a gefen hagun Yaya Sale, wato a hannun ɗaya direban. Shi da yaron motarsa sun cika nan take. Ɗaya direban, wani Ɗanlami, an ciro shi da rai, amma ƙafa ɗaya ta tafi. 'Yan sanda suka duba inda motoci suke, suka ce magana ta ƙare, Sale ya mance ya koma tsohon hannu. A tasha aka yi ta cewa, "Duk iyayin nan nasa, ashe shi ne zai fara mantawa." Wannan magana ta fi mutuwar ci mana rai. Inna ta daina zuwa kasuwa, don sai ta bi ta bakin tasha. Ni kuma na yi cacar baki da mutane ba iyaka, ba ni da wata hujja sai cewa na san halin yayana.

Nakan tambayi kaina, da zai dawo yau me zai ce? An faɗaɗa kwalta, an kawo tireloli da tankokin mai masu gudu kamar iska. Yaro ya yi wata biyu yana wanke mota, gobe ka gan shi a kan sitiyari. Wasu su haɗiyi ƙwaya don kada barci ya ɗauke su, taya ta suɗe har zare ya fito, a ce za ta kai. In an yi karo a ce kwana ne ya ƙare. Na yarda kwana na ƙarewa, ni Musulmi ne. Amma abin da ke ƙona mini rai, da an faɗi haka sai kowa ya kama bakinsa, ba mai tambayar wa ya duba birki, wa ya kwana uku bai runtsa ba. Ina jin Yaya Sale zai tsaya ne a bakin hanya ya yi ta kallo, ya ce a mayar da shi gona.

Ana gab da azumin bana wani mutum ya yi sallama a ƙofar gidanmu, yana dogara sanda. Ɗanlami ne, ya tsufa ya rame, tari ya kama shi. Na gane shi, amma na shigar da shi wurin Inna. Ya zauna a ƙasa, ya ƙi tabarmar da aka shimfiɗa masa.

"Inna, na zo in sauke kaya ne," in ji shi. "Ɗanki yana kan hannunsa. Ni ne da na fito kwana na gan shi, hannuna ya ja ni hagu. Ya ga na shigo masa, sai ya kauce ya bar mini wurin. A lokacin na tuna, na fizgo na dawo dama. Can muka haɗu. Tsoron kurkuku ya sa na yi shiru."

Inna ta ɗaga kai. Idanunta sun yi rauni yanzu, ban san me take kallo ba. Can ta ce, "Na yafe maka jinin, don ba da gangan ka yi ba. Amma sunan, ba a ɗakina aka ɓata shi ba. Garba, raka shi tasha ya faɗa a can."

Muka tafi. Ɗanlami ya tsaya a tsakiyar tasha a kan sandarsa, ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa, ya faɗi abin da ya faɗa wa Inna, bai rage komai ba. Direbobi suka kewaye mu. Na yi ta duba fuskoki ina neman ko ɗaya daga cikin masu maganar nan ta da. Wasu sun mutu, yawanci a kan hanyar nan, wasu sun bar tuƙi sun koma ƙauyukansu. Waɗanda ke tsaye ba wanda ya taɓa tuƙi a hagu. Da ya gama, wani matashi ya matso cikin ladabi ya ce, "Baba, wane Sale ke nan?"

Na kai Ɗanlami ya hau mota, na dawo gida da ƙafa ina kuka, ni da furfurata. Inna ta tambaye ni, "Sun ji?" Na ce sun ji.

Me ya rage na Yaya Sale? Motarsa ta ruɓe a daji, matarsa ta yi wani aure, 'yarsa ba ta tuna fuskarsa. Gaskiyarsa ta iso, amma ta tarar da waɗanda ya kamata su ji ta sun watse. Shi ya sa na kawo ta jarida. In akwai tsohon direba a Funtuwa ko Tegina ko wani ƙauye da ya taɓa yi wa yayana dariya bayan mutuwarsa, ina roƙon wanda ya iya karatu ya karanta masa wannan. Sale bai mance ba. Ya mutu ne yana ba wani hanya. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan yaron da ya tafi tare da shi.