Burodi Na Marar Lafiya Ne

A gidanmu na 'Yandoto, in ka ga burodi, to wani ba shi da lafiya. Mu hoce muka sani, wannan na garin dawa da ake gasawa a kasko, a tauna shi da ƙuli-ƙuli ko a tsoma a miyar jiya. Burodi sai ranar kasuwar Tsafe, shi ma sai Inna ta rabu da kaza. Ta ƙulle shi a leda ta rataye can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Yayata da 'ya'yan baffanninmu su ɗaga kai su haɗiye miyau. Ni da ƙanena, autanmu, mu ne 'yan gata, don mu biyu muka zo duniya da ciki marar kirki.

Zawo ba ya ɗaga mana ƙafa. Ciki ya kumbura ya yi tsini, hannu da ƙafa su tsotse kamar karan dawa, baki ya cika da ƙuraje. Inna ta yi imani cewa dawa tana kankare hanjin mai ciwo, don haka sai ta nema mana mai laushi: burodi a jiƙa a shayi, taliya 'yar murji, funkaso. Saboda mu ta koyi funkaso, har ta zama ita ake kira in za a yi biki a unguwa.

Akwai wata rana da ba ta barin idona. Muna zaune a inuwar rumbu da hantsi, Yaya tana cin hoce, sai auta ya rarrafo da gindi, don lokacin tsayuwa tana ba shi wuya, ya miƙa hannu. Inna ta taho da sauri ta ɗauke hannun, ta sumbace shi, ta ce, "A'a, ɗan lele, wanga ba naka ba ne. Naka ya fi shi." Ta zaunar da shi a cinya tana ba shi burodi da cokali, yana kuka yana waiwayen hocen. Ba sau ɗaya aka yi haka ba. Ya rasu cikin damina, bai ko isa shiga makaranta ba.

Bayan rasuwarsa tsoro ya kama Inna, ta kai ni rugar wata ƙawarta Bafulatana wajen Magami, wai a sauya mini ruwa. Can babu abin ci sai fura da nono da tuwon gero. Kafin kaka na yi kumatu, ina bin maruƙa da gudu. Da aka dawo da ni, Inna ta yi guɗa, ta soya funkaso cike da kwano don murna. Ciwo ya dawo. Aka ce ruwan rijiyarmu ne bai karɓe ni ba.

Haka na girma, na yi aure a Gusau, na kafa keken ɗinkina a Tudun Wada. Wane magani ne ban sha ba? Na shawara, na basir, na ulsa, na taifot, rubutu kuwa na sha har na ƙoshi. Kullum a ce jinina ya yi ƙasa. Ciki ya zube mini ba sau ɗaya ba. Wata maƙwabciya har ta rantse mini sammu ne, na ce, "Wa zai ɓata kuɗinsa a kaina, ni da iska ma take kayarwa?"

Daga ƙarshe wata likita ta zaunar da ni ta yi ta tambaya kamar alƙali, ta sa aka ɗebi jini, sannan ta tura ni wani babban asibiti aka zura mini igiya mai fitila ta maƙogwaro. Da na koma da sakamako ta ce sunan cutar siliyak. Akwai wani abu a cikin alkama da jikina yake ɗauka maƙiyi, in na ci sai ya huce a kan hanjina, hanjin ya kasa tsotsar abinci. Ba ta da ƙwaya, ba ta da allura. Maganinta kawai in bar alkama har abada.

Wallahi dariya na yi. Na ce, "Likita, alkama? Abin da ake ba mutum don a girmama shi? To me zan ci?"

Ta ce, "Gero, dawa, masara, shinkafa, rogo, duk naki ne." Sannan ta ƙara da cewa, "Tana bin jini. Akwai mai irin ciwonki a gidanku?"

Na daina dariya. Na ga inuwar rumbu, na ga ɗan hannun nan a miƙe. Na ba ta labarin auta, na tambaye ta ko ita ce ta kashe shi. Ta ce ba wanda zai iya sani yanzu, zawo yana ɗauke yara ta hanyoyi da yawa. Na ji ta. Amma tun a bakin ƙofar asibitin na yanke cewa Inna ba za ta ji wannan magana ba, ko da za a yanka ni.

Barin alkama ba barin burodi ba ne kawai, ashe. Tana cikin ɗanwake, tana cikin cincin da fanke, wasu har a ƙuli-ƙuli suke sa fulawa. Na koma daddawa na bar abin miya na kanti. Na kai dawata injin unguwa, na ci tuwon na kwanta, ashe alkamar wata aka niƙa kafin tawa. Na je na yi wa mai injin tas, bawan Allah yana kallona bai san laifinsa ba. Maigidana ya sayo mini turmi da tukwanena daban. In za ni biki sai in tafi da kular abincina, mata suna zunɗe, wasu su ce girman kai, wasu su ce zargin mutane nake da zuba mini magani. Na ce su yi ta faɗa, cikina ne ba nasu ba. Jiki kuwa ya dawo, na yi ƙiba har sai da na buɗe rigunana, na haifi ɗiyata lafiya lau.

Wuri ɗaya ne ba na zuwa da kula, gidanmu. Inna tana jin ina tafe sai ta kwaɓa alkama tun da safe. In sauka a Tsafe in hau babur, kafin in ajiye mayafi ta turo mini kwanon funkaso da miyar taushe, ta zauna tana kallon bakina. Ni kuwa in ci. In ci har in ce a ƙara, in koma Gusau in kwanta ina murƙususu. Maigida ya ce, "Ke kam kashe kanki za ki yi don kunya?" Na ce ba kunya ba ce. Idan na ce mata alkama ce, Inna ba wawiya ba ce, za ta haɗa sauran da kanta.

A danginmu Yaya kaɗai na gaya wa, ita da take aure a Bungudu, na kuma roƙe ta don girman Allah ta riƙe. Ta riƙe, ban ce ba ta riƙe ba. Sai ranar sunan jikan Yaya a can Bungudu. Muna ɗakinta da rana, mata cike, Inna ta zo da funkason da ta soya da hannunta, ta zaɓo masu kyau ta ɗora mini a cinya. Na gutsura ke nan Yaya ta shigo, ta ganni, ta yi wuf ta fizge farantin.

"Ke! So kike ki mutu ki bar mana jaririya? Ba likita ta ce alkama ce ke cinye miki hanji ba?"

Yaya ta dafe baki. Na harare ta har idona ya yi zafi, amma magana ta riga ta fita. Inna ta karɓi farantin daga hannun Yaya ta rufe shi da faifai.

Bayan la'asar ta kira ni bayan ɗaki, wajen randunan ruwa. Ta ce, "Faɗa mini gaskiya. Mi alkama ka yi miki?"

Na fara kame-kame, ta ɗaga hannu. Ita da kanta ta shiga jerowa: zawon, kumburin, ramar, ƙurajen baki. Ina ta gyaɗa kai. Ta ce, "Shi ya sa kika yi kumatu a ruga." Na ce eh. Sannan ta ce, "Tana bin jini?"

Na so in yi mata ƙarya, wallahi na so. Bakina ya ƙi. Na ce, "Inna, likita ta ce ba wanda ya san abin da ya kashe shi. Kwanansa ne ya ƙare."

Ta ce, "Na san kwana na Allah ne. Amma hoce yake so. Yana miƙa hannu ina ɗaukewa."

Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Na durƙusa na riƙe ƙafarta ina cewa ba ta sani ba, ba wanda ya sani a garin nan, kajinta ta ƙarar don mu rayu. Ta shafa kaina kamar ni ce abin tausayi. Zuciyata ta karye a ranar, kuma har yau ba ta koma daidai ba.

Na yi fushi da Yaya na tsawon lokaci, ko wayarta ba na ɗauka, alhali na san raina take ji. Ita ce ma daga baya ta aiko mini cewa Inna ta kyautar da kaskon funkasonta, kuma ko an kira ta biki ba ta zuwa suya.

Da na koma 'Yandoto, tun daga zaure na ji ƙarar turmi. Tsohuwar da gwiwa ke damu, ita ce tsaye tana dakan dawa, ta ƙi kai wa inji don an gaya mata abin da inji yake yi mini. Tafin hannunta duk ya yi bororo. Na ce ta kawo in karɓa, ta ce in zauna ni baƙuwa ce. Ta tankaɗe, ta kwaɓa, ta gasa, ta kawo mini hoce da zafinsa a inuwar rumbu, ta zauna kamar yadda ta saba tana kallon bakina.

Na ce, "Inna, ke fa? Gutsura mana."

Ta girgiza kai. Ta ce tun ranar Bungudu hoce ba ya wuce mata maƙogwaro. Ta ƙara turo kwanon gabana.

"Ci, ɗiyata. Ci har da nashi."