Sunan da Yaya Ya Ƙi Faɗa

Ina makaranta a Gummi, ina tsakiyar duba littattafan ɗalibai, takardar ta shigo wayata. Yayana ne ya turo daga Italiya. Shafi huɗu da Turanci, amma abin da ke ciki bai wuce layi ɗaya ba: an ƙi ba shi mafaka, za a mayar da shi gida idan bai ɗaukaka ƙara ba.

Gida kuwa shi ne ƙauyenmu da ke kusa da Zugu, inda 'yan bindiga suka zo nemansa da rana tsaka. Wani maƙwabcinmu ne ya nuna shi, saboda Yaya ya gan shi yana kai musu mai da burodi a daji, ya gaya wa dagaci. Ba su sami Yaya ba. Ɗansa na fari suka tarar yana noman gero, shekararsa goma sha tara, suka harbe shi a tsakanin kunyoyi.

Na karanta dalilan ƙin, na ji kamar in buga wayar da ƙasa. An tambayi Yaya 'ya'yansa nawa, ya ce uku. Can gaba ya ce an kashe "yaron gidanmu". Aka ce ya faɗi sunan yaron, ya sunkuyar da kai ya ce, "Mai sunan Malam." Aka maimaita, ya yi shiru. Sai jami'in ya rubuta cewa mutumin da bai san sunan ɗansa ba, bai ma ƙirga shi cikin 'ya'yansa ba, kuma ko hawaye bai yi ba, labari ya ƙirƙira. Wai Yaya ne maƙaryaci! Mutumin da ya ɗauko gawar a kafaɗarsa.

Lauyarsa ta nemi wani daga dangi ya rubuta bayani. Na zauna na rubuta. Na ce a wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ƙirga shi a gaban mutane, ba ya wasa da shi a zaure. Wannan yaron kuma sunan mahaifinmu aka sa masa, kunyar ta zama biyu. Na ce shirun da suka ɗauka ƙarya, shi ne shaidar cewa ɗansa ne. Da ɗan maƙwabci ne, da tuni ya rattaba musu sunan har da na kakansa.

Lauyar ta ce bayanin ya yi, amma alƙali zai so ya ji daga bakinsa. Na kira shi.

"Yaya, sai ka hwaɗi sunan nan gaban alƙali."

"Ke, ba ni iyawa. Shina raye ban kira ba, sai yanzu da anka rufe shi?"

"To taho gida. Wancan mutumen da yan nuna ka shina nan kasuwar Bukkuyum, ya buɗe rumfa, har ƙiba yay yi. Ran kasuwa da taw wuce shi da kainai yat tambaye ni yaushe kaka dawowa. Ka san abin da shika nufi."

Ina jin motoci na wucewa a can wurinsa. Ban tausaya masa ba a lokacin, gaskiya. So nake ya rayu don mutumin nan ya ji zafi. So nake kowace safiya ya tashi ya tuna akwai wanda ya san abin da ya yi, kuma hannunsa ba zai kai gare shi ba.

"Yaya, sun ɗauke maka ɗa. Kada ka ba su kanka kyauta."

Ranar zaman kotu ya faɗa. Lauyar ta ce sau uku aka sa ya maimaita, don magatakarda bai iya rubutawa ba, a na ukun muryarsa ta karye, aka dakatar da zama. Bayan wata biyu aka ba shi takardar zama. Da ya kira ni babu murna a muryarsa. Cewa ya yi, "Ashe sunan da daɗin kira."

Na kashe wayar na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Shekara goma sha tara yaron nan yana gaishe da ubansa a durƙushe, bai taɓa jin sunansa a bakinsa ba, sai wasu baƙi a wata ƙasa ne suka ji.

Har yau ina wucewa ta gaban rumfar. Yana gaishe ni, ina amsawa, don ni ma ina da 'ya'ya, daji kuma ba nisa. Amma duk sallar da na yi, in na kai goshina ƙasa, sunan mutumin nan nake kira cikakke, da na ubansa, ina kai ƙararsa, don kada a yi kuskure. Ban taɓa roƙa masa shiriya ba.