Mato Mai Fassara da Matar Mai Faranti

Shekara goma sha ɗaya da wata huɗu Mato ya yi yana riƙe da makirfo a gidan kallon Gali da ke bayan tashar Rano. Sunansa na yanka Muhammadu, haifaffen Yalwa ne. Karatunsa na boko ya tsaya a aji uku na sakandare, shekarar da mahaifinsa ya kwanta ciwo gona ta dawo wuyansa. Sana'arsa ta ainihi faci ce, yana da rumfa a bakin hanyar Kibiya, da injin iska, da baho na gwada tif. Amma ka shiga Rano ka ce Mato mai faci, sai an tsaya tunani. Ka ce Mato mai fassara, kowane mai adaidaita zai kai ka.

Turancinsa bai taka kara ya karya ba, shi ma ya sani. Abin da kunne ya rasa, ido ke cikewa. Ƙa'idarsa guda ce tun farko: ba ya fassara fim sai ya kalle shi sau uku. Kallon farko shiru yake yi. A na biyu ya raɗa wa mutanen ciki suna, ya rubuta a ɗan littafinsa. A na uku ya gwada bakinsa. Ranar nunawa kuwa yana zaune a kan kujerar roba gefen allo, makirfo a dama, rimot a hagu, yana rage sauti in zai yi magana, yana ƙarawa in za a daku. Benci goma sha huɗu ne a gidan, kuma ranar Litinin da Alhamis, ranakun fim, da wuya ka ga inda za ka sa ɗuwawu.

A makon farko na Oktoban 2023, ana tsakiyar aikin gero, Gali ya dawo daga Kano da wani fim ɗin Turawa da ake ta maganarsa. Labarin wani ma'aikacin gidan ruwa ne a wani babban birni, wanda aka jefa ƙanensa a rijiyar tace ruwa, shi kuma ya faɗa nemansa, ya fito da wani irin ƙarfi da ba na mutane ba. Daga nan ya ƙera wa kansa abin rufe fuska na ƙarfe, ya shiga farautar manyan garin ɗaya bayan ɗaya. Da Mato ya ga ƙarfen nan sai ya raɗa masa Ɗan Walda. Bos ɗin kuma, wanda ruwan birnin duka yake hannunsa, ya zama Alhaji Tanki.

Bayan kallo na uku Gali ya same shi a rumfar faci.

"To, mutumina, yaya ka gani? Ai wannan sai an ƙaro benci."

Mato bai ɗago daga tayar da yake ɓarewa ba. Ya ce, "Rabinsa gwal ne, Gali. Ba zan ci haƙƙinsu ba."

Ya lissafa masa. Bos ɗin dai an yi bos: ba ya ihu, ba ya zare ido, magana yake a hankali kamar mai ba da haƙuri, yana rabon kayan abinci a gaban 'yan jarida alhali shi ya rufe famfon unguwa. "Irinsa na san shi, kai ma ka san shi." Ga kiɗan: ganga ɗaya ce ake bugawa can ƙasa, amma har a benci kake jin ta. Ga faɗan: ɗan wasan yana gajiya, yana ɗingishi, in an sare shi yau gobe ma da ciwon zai fito, ba irin waɗanda ake jefowa daga bene su tashi su kaɗe riga ba. Sai kuma wani wuri da wata tsohuwa, maƙwabciyarsa, take cire masa fasasshiyar kwalba a baya, minti huɗu ba wanda ya ce uffan. "Nan wurin ko tari ba zan yi ba. Ba ya buƙatar bakina."

"Madalla. To sauran rabin fa?"

"Duhu. Kai ka ce a cikin randa aka ɗauke shi. Ga tsawo, awa uku ba kaɗan. Mutum tun daga farko har ƙarshe bai yi wa kowa sallama ba, bai ci abinci ba, bai yi dariya ba. Ƙarshen ma ba su ƙarasa ba, sun bar wutsiya don su sayar da na biyu. Duk wannan mai sauƙi ne." Ya ajiye guduma. "Sai kasuwar."

Gali bai tambayi wace kasuwa ba, wayarsa ta yi ƙara ya tafi.

Ranar Alhamis aka fara bayan azahar, don a tsaya a yi la'asar a ƙarasa kafin magariba. Rana na shigowa ta hujojin kwano tana wanke allon, sai da aka toshe ko'ina da buhunan taki, wuri ya koma tanda. Duk da haka mutane sun zauna, domin bakin Mato ya zama fitilarsu. "Wannan baƙin da kuke gani a cikin baƙi, shi ne Ɗan Walda. Wancan baƙin kuma bango ne." Aka yi ta dariya.

A minti na casa'in da bakwai Ɗan Walda ya biyo yaran Alhaji Tanki ta cikin kasuwa. Ya ɗaga mota ya wurga, ya bi ta kan rumfuna, kiɗa ya tashi irin na nasara, gidan kallo ya ɗauki sowa. Sai hoto ya tsaya cak.

"Janareta!" wani ya ce.

"Ba janareta ba ne, ni ne," in ji Mato. Ya miƙe ya sa yatsa a kusurwar allo, inda wata mata take a ƙasa, faranti ya kife a gefenta. "Kun ga wannan baiwar Allah? Ku kalle ta da kyau, don daga yanzu har a gama ba za a sake nuna ta ba. Rumfa ashirin da uku ya rusa a nan, na ƙirga sau uku. Ba wanda zai dawo ya ce musu sannu. Kuma saboda ita ake cewa yake faɗan."

Zulkifilu, wani mai adaidaita da ba ya fashin bencin gaba, ya ce, "Haba Kawu! Wa'azi muka zo ji? Saki fim!"

"Zan saki. In adaidaitarka ce ya wurga, za ka yi tafi?"

"Tawa ai ko ya ɗaga ba ta tashi, sai an tura!"

Wuri ya kece da dariya, Mato ya saki fim. Amma daga nan har ƙarshe bai sake kiran mutumin ɗan wasa ba. "Mai fasa kasuwa ya shigo," yake cewa. "Mai fasa kasuwa yana kuka, ya tuna ƙanensa. Matar mai faranti ba ta da ƙane, daga sama ta faɗo."

Waɗanda suka daɗe a Rano sun san inda maganar ta samo tushe. Shekara shida kafin nan matarsa Suwaiba tana suyar awara a bakin titi, matasa suka biyo ɓarawon babur, ɗaya daga cikinsu ya banke kaskonta, tafasasshen mai ya zube mata daga gwiwa zuwa idon sawu. An kama ɓarawon, an yi mako ana yabon matasan a majalisu. Suwaiba ta yi wata biyu ba ta taka ƙasa ba. A cikin waɗanda suka yi gudun nan, ko mutum ɗaya bai leƙo ta ba.

Da aka watse Gali ya tare shi a ƙofa, fuska ba walwala.

"Malam Mato, fassara na ɗauke ka yi, ba alƙalanci ba. Mutane sun zo su huta ne. Yaran nan fim ɗin yana wayoyinsu, an fassara shi a Kano tsaf, darajar bakinka ce kawai take kawo su. Ranar Litinin za mu maimaita. Ka faɗi abin da Bature ya faɗa, ka bar abin da bai faɗa ba. In ka sake tsayar min da fim, ka ajiye min makirfo. Na rantse."

"Bature bai ce 'yan rumfa ba mutane ba ne. Mantawa ya yi. Ni kuma ban manta ba."

"Na dai gaya maka."

Labari ya riga Mato isa gida. Ya tarar da Suwaiba tana tace waken suya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Baban Nuriyya, an ce ka mai da ƙafata fim."

"Ban ambaci sunanki ba."

"Sai ka ambata? Garin nan har kaji sun gane. Ƙafar nan tawa ce, ba taka ba. Ni na warke, na koma bakin kaskona. Kai kuma abin nan shi ne jin daɗinka, ranar da ba fim kamar marar lafiya kake. Kada ka zubar da shi ka ce don ni."

Gaskiya ta faɗa. Babu abin da yake so a duniyar nan kamar lokacin da ya rage sauti, kai sittin suka juyo suna jiran bakinsa. Ya ce, "Ba don ke ba ne. Sau uku na kalli matar nan tana faɗuwa. In na ce 'ga jarumi nan' a kanta, da wane baki zan fassara na gaba?"

"Da bakin da Allah ya ba ka mana. Taurin kai!" Ta miƙa masa rariya. "Riƙe min nan."

Ranar Litinin gidan ya fi na Alhamis cika, har da na tsaye, don kowa ya ji rantsuwar Gali. Shi kuwa Gali ya jawo kujera ya zauna jikin akwatin lasifika. Mato ya yi fassarar da bai taɓa yi ba. Ya ba Alhaji Tanki murya mai sanyi har wani dattijo ya ce a'uzu billahi. Da aka zo wurin tsohuwa mai cire kwalba ya ɗora makirfo a cinya, minti huɗu gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai gangar nan da kukan janareta.

Minti na casa'in da bakwai ya zo. Gali ya dube shi. Mato ya danna rimot.

"Jama'a, ga matar nan."

Gali ya zare waya. Lasifika ta yi ƙut ta mutu.

Mato ya dubi makirfon, ya miƙe, ya ajiye shi a kan kujerar a hankali, ya ɗora rimot a kai. Mutumin da ya shekara ashirin yana magana a kan ƙarar injin iska ba ya rasa murya. Ya juya ya fuskanci benci.

"Fim ɗin nan yana da kyau, kada wani ya ce Mato ya kushe. Kiɗansa, bos ɗinsa, tsohuwar nan, ban ga kamarsu ba. Amma wanda ya shirya shi bai taɓa kasa kaya a bakin titi ba. Ku dubi bencin da kuke kai. Akwai Ɗan Walda a nan? Duk cikinmu nan 'yan rumfa ne. Ku yi masa tafi in kuna so, hannunku ne. Ni dai ba da bakina ba."

Wasu suka yi ihu a saki fim. Wasu suka ce a bar shi ya gama. Zulkifilu ya ce, "Oga Gali, mayar masa da waya mana, wasa ne!" Gali ya ce ya riga ya rantse. Mato ya ratsa ta tsakiyar benci ya fita, yana gaisawa da mutane hagu da dama kamar wanda ya taso daga ɗaurin aure. Mutum tara suka biyo shi. Sauran suka zauna aka ƙarasa musu fim da Turanci.

Tun daga ranar, sha shida ga Oktoba, Mato bai sake riƙe makirfo ba. Gidan kallon yana nan, ana sa fassarar Kano, benci yakan cika ranar ƙwallo. Sau biyu dattawan tasha suka shiga tsakani. Gali ya ce zai yi kaffara ya mayar da shi, in zai yi alkawarin barin rimot a hannun mai gida. Mato ya ce a gaishe shi.

Litinin da Alhamis har yanzu yakan rufe rumfa da wuri, ya rasa inda zai sa kansa, ya ƙare a bencin Suwaiba yana yanka mata kabeji tana yi masa tsiya. A cikin azumin bana Zulkifilu ya turo adaidaitarsa da tayar baya a sace, ya zauna a gefen baho.

"Kawu, na biyun ya fito fa. Na kalla a waya."

"Ya koma kasuwar?"

"Ina! Wannan karon tashar mota ya rusa." Ya sosa ƙeya. "Wallahi ka ɓata min kallo. Ina ta ƙirga motoci, har bos ya mutu ban lura ba."

"Nawa ka samu?"

"Sha bakwai."

"Sake kallo," in ji Mato, yana tura tif cikin ruwa. "Kallo ɗaya ba ya ƙirga daidai."