Sunan da Hajiya ba ta taɓa faɗa ba

Bayan rasuwar Hajiya, matata, muka tsinci wani ɗan baƙin abu mai kamar sabulun wanka a ƙasan akwatinta. Babbar 'yata ta ce ma'ajiyar kwamfuta ce, a ciki mahaifiyarsu ke adana hotuna da bidiyon gida. Hajiya malamar makaranta ce. Ni kuwa ɗan tireda ne a Fagge, bokon da na yi bai wuce na leƙa aji ta taga ba. Da na ji an ce akwai muryarta a ciki, sai zama ya gagare ni.

Ashe ta kulle shi da kalmar sirri. Na sa aka jona min a kwamfutarta, na kori kowa, na zauna da yatsa ɗaya kamar kaza na tsattsagar dawa. Na buga sunan autarmu, ya ƙi. Na buga sunan garinsu, ya ƙi. Har kunun gyaɗa na buga, don ta fi son sa da ni. Sai wani jan rubutu ya fito. Na ɗauka yabo ne.

Da 'yata ta karanta, sai ta dafe ƙirji. Washegari ta sa ni a Keke Napep sai Sabon Gari, shagon wani Ibo mai gyaran kwamfuta, haifaffen Kano. Ya jona, ya duba, ya cire tabarau.

"Baba, wa ya yi ta wasa da wannan?"

"Jikoki," na ce. 'Yata ta harare ni.

"To, jikokin nan masu furfura sun kusa gamawa da shi. Gwaji ɗaya ya rage. In aka kuskure, da kansa zai goge komai."

"Oga, ba a ɓalle shi kamar kwaɗo?" na ce.

"Ko ka ɓalle, ba abin da za ka gani. Sai dai kalmar."

Janareta na ta ruri a baya, gumi na bin wuyana. Mai gyara ya ce yawancin mata sunan mazajensu suke sawa, ko na gwada nawa sunan? Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Tun ranar da aka kawo Hajiya gidana ba ta taɓa kama sunana ba. Malam take cewa, in na ɓata mata rai kuma, "wancan mutumin". Ko takwarana ne ya yi sallama, sai ta ce mai sunan Malam ya zo.

'Yata ta ce, "Baba, kunyar ai a baki take. Wannan da yatsa ake yi, kuma ba mai gani."

"In ba shi ba ne fa?"

Mai gyara ya jawo kwamfutar ya ce mata, "Madam, ya sunan Baba?" Ta sunkuyar da kai. Ita ma ba za ta iya ba, tarbiyyar uwarta ce. Dole ni na faɗa da bakina, na ji shi baƙo kamar sunan wani.

Ya rubuta, ya ɗaga yatsa. "In danna?"

Na so in ce a bari, mu koma gida da shi a kulle, aƙalla muryar na nan ciki. Amma muryar da ba za a ji ba, me ya raba ta da wadda ke kabari? Na yi bisimilla na ce ya danna.

Abin ya yi ta juyawa. Na kawar da kai ina kallon fankar da ke sama. Sai na ji 'yata ta ja numfashi.

Bidiyon farko da ya buɗe, na bikin sunan jikanmu ne. Ga Hajiya a tsakar gida tana rabon waina, tana waige-waige. Mai gyara ya ƙara murya.

"Ku kira min wancan mutumin," in ji ta, "kafin abincinsa ya huce."